Datse wa Sankara Ruwa: Me Avastin Yake Iyawa, a Ina Ƙarfinsa Ya Tsaya?

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Kwalkwalawa ko a ƙasan madatsar Goronyo ya san ba dole sai an tumɓuke shuka take mutuwa ba. Ka toshe bakin magudanar da ke kai mata ruwa, ka koma gida ka yi kwanciyarka, ranar Sakkwato za ta ƙarasa maka aikin. A kan irin wannan dabara aka gina wani maganin ciwon daji da ake bayarwa ta ƙarin ruwa. Sunansa na asali bevacizumab, amma masu jinya sun fi saninsa da sunan da ke jikin kwali, Avastin.

Abin da ya sa na ɗauko zancensa wata tambaya ce da na ji a bakin ɗakin masu jinya. Wani dattijo ne zaune a kan tabarma, ɗansa ya fito daga wurin likita riƙe da takarda. Dattijon ya ɗago kai ya ce: "To wanga ruwan da sunka ce a sawo, shi ka kashe ciwon gaba ɗai?" Yaron ya yi shiru, don shi ma bai tambaya ba. Kuɗin kawai aka faɗa masa, kuma tun kafin ya iso tabarmar ya fara lissafin abin da za a sayar.

Amsar tambayar dattijon, a mafi yawan lokuta, a'a ce. Amma a'ar tana da bayani, kuma bayanin ne ya kamata iyali su ji kafin a kai shanu kara.

Ƙarin sankara nama ne, kuma kowane nama yana bukatar abinci da iskar da jini ke ɗauke da ita. Lokacin da yake ɗan mitsitsi yana tsotsar abin da ya malalo daga naman da ke kewaye da shi, hakan kuma ba ya kai shi nesa. In ya kai milimita 1 zuwa 2, kusan girman ƙwayar gero, sai na tsakiyarsa su fara yunwa. Daga nan ko dai ya tsaya cak, ko ya samo wa kansa hanyar jini. Yadda yake samowa shi ne ya saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda aikinsa aike ne: ya je ya gaya wa jijiyoyin jinin da ke kusa su yi reshe su nufo wannan wuri. Su kuwa ba sa tambayar wanda ya aiko. Da wannan saƙon jiki ke warkar da rauni, da shi mahaifa ke shirya wa ɗan tayi mazauni. Sankara ba ta ƙirƙiro komai ba, hatimin gidan ta ɗauka take buga wa takardunta. Da zarar jijiyoyin sun iso, ƙarin ya samu abinci, ya kuma samu hanyar da 'ya'yansa za su bi su tafi hanta ko huhu su kafa sabon zango.

Bevacizumab ɗan tare hanya ne. An ƙera shi da siffar sojojin garkuwar jiki, kuma abu guda ya sani: ya cafke VEGF ya riƙe shi kafin ya isar da saƙo. Ba ya taɓa ƙwayar sankarar kanta. Nan ya bambanta da kemo, wadda ke bin duk ƙwayar da ke saurin haihuwa tana kashewa, ta kirki da ta banza, har gashi ya zube. Shi wannan, in shi kaɗai ne, ba ya zubar da gashi. Yana da nasa haɗarin, za mu zo kansa.

Tarihin maganin ya nuna yadda ilimi ke tafiyar hawainiya. A 1971 wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, Judah Folkman, ya wallafa ra'ayin cewa girman sankara ya dogara da sababbin jijiyoyin jini, kuma in aka hana su tsirowa za a iya tsayar da ita. Shekaru da yawa abokan aikinsa suna yi masa kallon mai mafarki. A 1983 Harold Dvorak da abokan bincikensa suka gano wani sinadari da sankara ke saki mai sa jijiyoyin jini yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara, ɗan ƙasar Italiya da ke aiki a kamfanin Genentech, ya ware VEGF daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar shanu, daga baya aka gane abu guda ne da na Dvorak. A 1993 aka nuna cewa toshe shi yana rage girman ƙari a jikin ɓeraye. A 1997 aka sake wa maganin siffa yadda jikin ɗan Adam ba zai ƙi shi ba, ya zama kusan kashi 93 cikin 100 na mutum ne, sauran na ɓera. Sai a Fabrairun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a ba masu sankarar babban hanji da ta riga ta bazu. Shekara 33 ke nan tsakanin ra'ayi da kwalba. A tsakanin an yi ta kururutawa a jaridu cewa ƙarshen sankara ya zo, har shi Folkman ya riƙa ja wa mutane burki da cewa in kai ɓera ne mai ciwon daji, to lalle suna iya kula da kai sosai.

To me aka gani da aka gwada shi a kan mutane?

Gwajin da ya buɗe masa ƙofa an yi shi da mutum 813 masu sankarar hanji da ta bazu. An raba su gida biyu: wasu kemo kaɗai, wasu kemo da bevacizumab. Na farko matsakaicin abin da suka rayu wata 15.6 ne, na biyu wata 20.3. Bambancin bai cika wata 5 ba. A sankarar huhu, wata 10.3 ya koma 12.3. A sankarar bakin mahaifa da ta bazu ko ta dawo bayan magani, gwajin mata 452 da aka wallafa a 2014 ya nuna wata 13.3 ya koma 17.

A nan ya kamata a tsaya, domin wannan kalma ta "matsakaici" tana ruɗa mutane ta fuska biyu. Ba ana nufin kowa ya samu ƙarin wata 4 ko 5 ba, kamar rabon goro. Ka jera mutum ɗari daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, ka duba na tsakiya, shi ne alƙaluman ke magana a kai. Rabi sun wuce shi, wasunsu da nisa. Rabi ba su kai shi ba, kuma cikinsu akwai waɗanda maganin bai amfana musu komai ba sai wahala. Har yau babu wani gwajin jini da ake yi a asibiti wanda zai nuna tun farko wane ne zai amfana. Ajali na hannun Allah, alƙaluma ba su san na kowa ba. Amma sun san na taro, kuma abin da suka ce shi ne: maganin yana rage wa ciwon gudu, ba ya tumɓuke shi.

Ni dai ba na raina wata huɗu. Akwai wadda a cikin wata huɗun za ta aurar da 'yarta, akwai wanda zai raba gado da bakinsa ya hana rigima a bayansa. Abin da ba na so shi ne a sayi wata huɗu da sunan waraka.

Me ya sa dabarar da ta yi kyau haka a takarda ta tsaya a watanni? Mu koma fadama. Ka toshe wa maƙwabcinka magudana, in mai naci ne, gobe za ka tarar ya ɓalle wata ta bayan fangali. Sankara ta fi kowane maƙwabci naci. VEGF ba shi kaɗai ne ɗan aikenta ba, in an kama shi sai ta tura wasu. Wani lokaci ma ba ta damu da sababbin jijiyoyi ba, sai ta nannaɗe waɗanda ta tarar a huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa ta ci gaba da sha. Akwai kuma wani bayani da Rakesh Jain na Jami'ar Harvard ya kawo a 2001, wanda ya juya lamarin. Jijiyoyin da sankara ke tsirarwa na gaggawa ne, karkatattu, masu yoyo, jini ba ya gudana a cikinsu yadda ya kamata, don haka kemo ma ba ta isa ciki sosai. A ganinsa maganin yana sassabe marasa kyan, ya daidaita sauran na ɗan lokaci, sai kemo ta samu hanya. Wato wanda aka ɗauka aikin toshe magudana, ashe wani lokaci yashe ta yake yi. Ko ma wanne ne ya fi rinjaye, a aikace kusan kullum haɗa shi ake yi da wani magani.

Sannan ba kowace sankara yake yi wa aiki ba, kuma wannan batu ya fi shafar matanmu. Sankarar mama ita ce ta fi yawa a tsakanin matan Nijeriya. A 2008 FDA ta ba da izinin wucin gadi a yi amfani da shi a kanta, saboda hotuna sun nuna yana jinkirta girman ƙari. Da aka ƙara gwaje-gwaje sai aka ga matan ba su fi daɗewa a raye ba, illa dai ta ƙaru. A Nuwamban 2011 hukumar ta janye izinin, duk da matsin lambar da ta sha. Turai ta bar shi a kan wasu sharuɗɗa. Haka kuma an gwada ba da shi bayan an yi tiyata an cire sankarar hanji baki ɗaya, da fatan ya hana ta dawowa, manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna bai hana ba. A wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa yana sauke kumburi, ciwon kai ya lafa, hoto ya yi kyau, amma gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2014 ba su ga ƙarin kwana ba. Ana kuma amfani da shi a sankarar ƙoda da ta gidan ƙwan mace.

Wurare biyu ne nake ganin zancensa zai fi tasowa a wajenmu. Na farko bakin mahaifa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya a shekarar, kusan 8,000 suka rasu, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai jini da ruwa mai wari sun hana su zama cikin mutane. Na biyu hanta, saboda yawan ciwon hanta nau'in B a ƙasar nan. A 2020 aka amince da haɗa bevacizumab da wani maganin zaburar da garkuwar jiki mai suna atezolizumab, bayan gwajin mutum 501. Da aka bi su, matsakaicin ya kai wata 19.2, na tsohon magani kuwa 13.4. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai waɗanda aka sa a gwajin masu sauran ƙarfin hanta ne, kuma sai da aka zura musu na'ura ta maƙogwaro aka duba ko akwai kumburarrun jijiyoyin da za su iya fashewa. Mutumin da aka kawo daga Illela ko Isa ciki ya cika da ruwa, ido ya yi ɗorawa, ba irinsa aka gwada ba.

Yadda ake ba da shi ba wuya. Ana auna nauyin mutum, a lissafa miligiram 5 zuwa 15 a kan kowane kilo gwargwadon irin ciwon, a zuba cikin ruwan gishirin asibiti, ba na sukari ba, a ɗaura. Karon farko minti 90 yake ɗauka, in ba a ga wata matsala ba na biyu minti 60, daga nan 30. Ana maimaitawa duk mako 2 ko mako 3. Ba a kwana. Yana daɗewa a jiki: sai an yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya fita.

Illolinsa duk daga tushe guda suke, tunda saƙon da ya tare jiki ma yana bukatarsa. Cikin waɗanda suka fi yawa akwai hawan jini, wanda ke tsananta ga mutum 5 zuwa 18 cikin 100, shi ya sa ake auna jini kafin kowane ƙarin ruwa, kuma mai hawan jini tun asali sai an daidaita shi tukuna. Yana sa ƙoda yoyon furotin, don haka ake gwada fitsari. In fitsari ya fara kumfa ko ƙafa ta kumbura a faɗa wa likita. Haɓo abu ne da aka saba gani, yawanci ɗan kaɗan. Masu tsoratarwar su ne zubar jini mai yawa, daskarewar jini da ke kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da hujewar hanji, wanda ke samun daga ƙasa da mutum 1 zuwa mutum 3 cikin 100 kuma yana kisa. Mai shan wannan magani in ciki ya murɗe masa da zazzaɓi ko amai, ba lokacin jiƙa sassaƙe ba ne, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Wanda ya yi tarin jini kwanan nan, ko da rabin ƙaramin cokali ne, ba a ba shi.

Sai batun rauni. Ba a ba da shi sai an yi aƙalla kwana 28 da tiyata kuma wurin ya warke, ba a kuma shirya tiyata sai an yi kwana 28 da dakatar da shi. A nan zan ƙara abin da takardar cikin kwalin ba ta san da shi ba, don ba a Sakkwato aka rubuta ta ba: ƙaho, tsaga, sakiya, cire haƙori a kasuwa, duk rauni ne. Kada wanzami ya taɓa mai wannan magani. Ga mata masu sankarar bakin mahaifa akwai haɗarin ɓulewa tsakanin hanji da gaba, irin lalurar da muka sani a wajen masu yoyo bayan doguwar naƙuda. A gwajin da na ambata ta samu kusan 8 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin, musamman waɗanda aka taɓa gasa wa sankarar da na'ura a mara. Yana cutar da ɗan tayi, yana iya tsayar da haihuwa, kuma ana son a kauce wa ɗaukar ciki da shayarwa har wata 6 bayan ƙarin ruwa na ƙarshe. Wannan magana ce da ya kamata a yi da maigida a zaune, ba a bar mace ita kaɗai da ita ba.

Wani abin mamaki: inda maganin ya fi yin rawar gani ba a sankara ba ne, a ido ne. Ciwon sukari da tsufa kan sa munanan jijiyoyi masu yoyo su tsiro a bayan ido har gani ya tafi. Tun 2005 likitocin ido suka fara ɗiban ɗan ɗigo, miligiram 1.25, suna yin allurarsa cikin ido. Wani babban gwaji a Amurka a 2011 ya nuna yana aiki daidai da Lucentis, wanda aka ƙera musamman don ido, alhali a lokacin allurar Lucentis kusan dala 2,000 ce, ta Avastin kusan dala 50. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna saboda ido. Don haka in likitan ido ya ambaci Avastin ga tsohuwarka mai ciwon sukari, kada gabanka ya faɗi, ba sankara ya gani ba.

Mu dawo kan takardar da ke hannun yaron. Kwalabe iri biyu ne, mai miligiram 100 da mai 400. Mace mai kilo 60 da sankarar bakin mahaifa, a kan miligiram 15 kowane kilo, tana bukatar 900: manya biyu da ƙarama ɗaya. Ba sau ɗaya ba, duk mako uku, har sai ciwon ya fi ƙarfinsa ko jiki ya ƙi. Ga kuɗin kemo, ga gwajin jini da fitsari, ga hoto, ga kuɗin mota ga wanda ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga Kebbi ko Zamfara ko tsallaken iyaka. Tsadarsa ba mu kaɗai ta dama ba: a 2010 hukumar da ke auna amfanin magani da kuɗinsa a Ingila ta ƙi amincewa gwamnati ta riƙa biyansa ga masu sankarar hanji, ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Sauƙin da aka samu shi ne daga 2017 hukumar FDA ta fara amincewa da makamantansa na wasu kamfanoni, irin su Mvasi da Zirabev, waɗanda aka gwada aka ga aikinsu ɗaya, kuma sun fi araha. Ba laifi ba ne ka tambayi likita ko akwai irinsu mai rajista.

Inda tsada take, nan ɓarayi ke taruwa. A 2012 an gano jabun Avastin a Amurka kanta, an sanar da asibitoci 19 da suka yi sayayya ta wannan hanya, kuma kwalaben ba ko ɗigon maganin a ciki. In hakan ta faru can, ai ba sai an faɗa ba. Ruwa ne garau, ido ba ya bambance na gaske da na bogi. Kuma ko na gasken ne, ajiyarsa tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne, ba a daskarar da shi, ba a girgiza shi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga wuta sai ta ga dama, kwalbar da ta kwana a jakar direba daga Kano ko Legas ba abin dogaro ba ce komai kyan kwalinta. A saya ta hannun sashen magunguna na asibiti ko dillalin da kamfani ya sani, a duba lambar NAFDAC, a ajiye rasit da kwalin. Wanda ya ce yana da shi a rabin kuɗi, a tambaye shi inda ya kwana.

Da ni ne ɗan dattijon nan, da na koma ciki na yi sallama na ce: "Likita, a gafarce ni, ina da tambaya. Wannan maganin don warkewa ne ko don rage wa ciwon gudu? A irin ciwon Inna, me aka gani da aka gwada shi? In mun tsaya a kan kemo kaɗai me muka rasa? Sau nawa za a yi kafin a sake hoto a ga ko yana aiki?" Mu Hausawa muna jin nauyin tambayar likita, kamar rashin kunya ne, su kuma likitoci suna jin nauyin faɗa wa iyali cewa ciwo ya wuce waraka, sai kowa ya yi shiru a bar takarda ta yi magana. Tambaya ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci ga aljihu, domin yawanci bayan wata biyu zuwa uku ake sake hoto. In ƙarin ya tsaya ko ya ragu, kuma jiki na ɗauka, a ci gaba. In ya ci gaba da girma, sai a sake zama. A sankarar hanji wasu likitoci kan canja kemo su bar bevacizumab a kai, kuma an gwada hakan: matsakaicin ya tashi daga wata 9.8 zuwa 11.2, wato kimanin mako shida.